Ina sunayen leburorin da aka ɗiba daga ƙasar Bauchi zuwa haƙar kuza?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira amin. Dan Allah ka ɗan bani fili a jaridar nan tamu mai farin jini, kuma kayi haƙuri da tsawon wasiƙar, abin ne ya daɗe yana cina a rai kuma na rasa inda zan kai shi in ba wajenku ba, tunda na san dattawa na karanta ku, malaman jami'a ma na karanta ku, harda waɗanda ke riƙe da makullan ofisoshin da zan yi magana a kansu.

Ina da goggo, yayar babana ce uwa ɗaya, yanzu ta haura shekara tamanin, idon ya fara hazo amma kanta garau yake. Tana goye aka tafi da mahaifinta aikin kuza a Jos lokacin yaƙin Hitila, wannan da tsofaffi ke ce ma ɗiban gwamna, kuma daga ranar har yau ba wanda ya sake sa shi a ido. Kakarmu, Allah ya jiƙanta, bata taɓa faɗin sunanshi ba har ta bar duniya sabida alkunya irin ta mutanen da, sai dai tace "mai gidan farko", amma labarin ranar kam ta bamu shi yafi sau ɗari muna yara a tsakar gida. Tace ana cikin yankan gero ne mai unguwa ya zo da dogari, aka ce kowane gida mai maza biyu sai ya bada ɗaya, shi kuma ƙaninshi a lokacin yaro ne ko gemu bai fara ba, shine yace a bar yaron shi zai je. Ta daka mishi gero cikin dare ta ƙulla a tsumma, ta haɗa da ƙuli-ƙuli da wani tsohon gwado guda ɗaya da suke rufa dashi su biyu, dan an ce mata garin da za su sanyi ke kashe mutum. Da asuba aka jera su a ƙofar dagaci aka ƙirga su, aka kaɗa su a ƙafa sai Bauchi, daga nan kuma sai Jos, tafiyar kilomita ɗari da wani abu bayan wadda suka riga suka sha. An ce musu wata huɗu ne za su dawo. Waɗanda suka dawo sun dawo a rame kaman kara, wasu da tari wasu da gyambo, aka tambaye su ina wane, wani yace an raba su bariki tun ranar da suka isa, wani yace yaji an ce ya kwanta ciwo, shikenan iya abin da muka gada kenan. Daga baya kakarmu ta auri wannan ƙanin nashi da ya tsaya ma, shine kakana da ya haifi babana. Kaga kenan ni da nake rubuta maka wannan takarda, da ba dan bawan Allahn nan yace shi zai je ba, ƙila da babu ni.

Tun ina sakandare Goggo ke ce min, kai da kake boko ba za ka duba min a takardun Turawa inda aka binne babana ba? Ina ta ce mata to Goggo, to Goggo, har na yi aure na tara iyali ban motsa ba. Abin da ya tashe ni tsaye ɗan ƙanwata ne da ke karatu a Amurka, ya zo hutu muna hira a zaure bayan isha'i yake bani labarin yadda baƙaƙen fata na can suka duƙufa neman kakanninsu a cikin tsofaffin takardun garuruwansu, shi kanshi yana zuwa taya wasu tsofaffi aikin a wani ƙaramin ɗakin karatu duk ranar Asabar. Yace Kawu kasan a ƙidayar Amurka ta 1850 da ta 1860 ba a rubuta sunan bawa? Sunan ubangidan ake sawa a sama, a ƙasa kuma sai a jera namiji shekara kaza, mace shekara kaza, launin fata kaza, tamkar ana lissafin awaki. Sai a ƙidayar 1870, bayan an soke bauta a 1865, sannan aka fara shigar da su gaba ɗaya da sunayensu. Dan haka duk wanda ke bin salsalarshi in ya kai 1870 sai ya ci karo da bango. Amma mutanen nan basu ce Allah ya isa sun koma sun zauna ba, sai suka bi ta bayan gida, suka shiga takardun rabon gado na iyayen gijin inda ake jera bayi da sunansu da kuɗinsu kusa da dawaki da kujeru, suka shiga rasiɗin ciniki, da littafin coci, da tallan jarida na cigiyar bawan da ya gudu wanda a ciki ake faɗin sunanshi da tabon da ke jikinshi da sana'ar da ya iya, da takardun wata hukuma da gwamnatinsu ta kafa daga 1865 zuwa 1872 dan kula da 'yantattun bayi, wadda ta rubuta yarjejeniyar ƙodago da ɗaurin aure da koke-koke. Mutanen gari ne 'yan sa kai, ba farfesoshi ba, suka zauna gaban kwamfuta suna kwafe sunayen nan ɗaya bayan ɗaya har aka samu kusan miliyan 1.8. Kuma tun tsakanin 1936 da 1938 gwamnatinsu ta tura ma'aikata suka bi tsofaffin da aka haifa cikin bauta suka rubuta labarinsu daga bakinsu, sama da mutum 2,300, yana nan a ajiye kowa na iya karantawa.

Wanda yafi taɓa ni cikin labaran shine na wani gari Sugar Land a jihar Texas. A 2018 ana haƙa harsashin ginin makaranta aka ci karo da ƙasusuwan mutum 95, aka bincika aka gano fursunoni ne baƙaƙe da ake bada hayarsu ga masu gonakin rake bayan an ce an soke bauta, aiki ya kashe su aka turbuɗe su a nan ba ko alama. Sai da aka koma littattafan gidan yari na wancan zamanin ana gwada sunaye da shekaru dan a gane su waye. Yaron nan yana faɗi ni kuwa hankalina yana kan kududdufan da na saba gani a hanyar Bukuru da Barikin Ladi, waɗanda ruwa ya cika su yayi kore shar, ina cewa a raina waye ya sani ko baban Goggo na kwance kusa da ɗaya daga ciki.

Malam Edita, da yawan yaranmu basu ma san anyi wannan abu ba, dan haka bari in ɗan yi waiwaye. Kuza dai ba Bature ne ya koya mana ita ba, tun kafin zuwansu mutanen Liruwe suna haƙa suna narkawa suna fitar da ita siri-siri kaman tsinke 'yan kasuwa na kaiwa nesa, bin sawun wannan ne ma ya kawo Turawan kamfanin Neja tsaunukan nan a farkon shekarun 1900, wajen lokacin da aka ci Bauchi a 1902. Kuma Jos ɗin kanta a ƙarƙashin Lardin Bauchi take har 1926 da aka yanke Lardin Filato, har yau in ka bi ta Toro da Tilden Fulani za ka ga tsofaffin ramukan kuza a cikin jiharmu. To a farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda ake haƙo kuza mai yawan gaske a ƙarƙashin mulkin Ingila, ga yaƙi ana buƙatarta a masana'antu, shine suka juyo kanmu aka kafa dokar aikin tilas. Umarni ya taso daga Razdan zuwa Di'o, zuwa fada, zuwa hakimi, zuwa dagaci, ya ƙare a kan mai unguwa wanda shi ne zai kalli idon maƙwabcinshi yace ɗanka zai tafi. Kafin a soke dokar a 1944 an ɗibi mutum sama da dubu ɗari daga lardunan Arewa. Manoma ne aka raba su da gona, aka kai su inda sanyi ke ratsa ƙashi ba bargo ba wadataccen abinci, bukkokin bariki a cunkushe, ga atuni ga ciwon haƙarƙari, mutum na wuni cikin laka da diga da shebur ko ya ɗauki kwanon sarki cike da jiƙaƙƙen yashi yana hawa gangare, heluma shugaban leburori na bayanshi, tankifa mai lissafin lokacin aiki na rubutu. Wajen aikin dam ɗin Tenti ma ya yi ƙaurin suna kan yawan mace-mace. Waɗanda suka ga ba za su iya ba suka gudu cikin dare, wasu sun iso gida wasu daji ya cinye su.

Da ɗan ƙanwar tawa ya koma Amurka sai nace wannan karon kam sai na cika ma Goggo alkawari. Na ɗauki hutu na shiga mota sai Kaduna, gidan adana takardun tarihi na ƙasa. Gaskiya ma'aikatan sun karɓe ni hannu biyu, wani dattijo a cikinsu ya zaunar dani ya nuna min yadda ake duba kundin jerin fayil, na Lardin Bauchi suna ce mishi Bauprof, na Jos kuma Josprof, akwai kuma na ofishin sakataren lardunan Arewa. Kwana huɗu nayi ina buɗe fayil masu ƙanshin tsufa, takarda tayi ja in ka matsa mata sai ta karye, ga rubutun tafireta ga na hannu da jan biro a gefe. Kuma akwai abubuwa a ciki wallahi, duk mai son sanin yadda aka mulke mu ya je ya gani da idonshi. Amma ka san me na tarar a kan mutanenmu? Lissafi. Gunduma kaza an nemi mutum kaza, ta kawo kaza, kaza sun gudu a hanya, kaza likita ya mayar, kaza sun mutu. Di'on da ya rubuta ga sunanshi da sa hannunshi, manajan kamfani ga sunanshi, hakimin da ya cika adadi an yaba mishi da suna, wanda ya gaza an ja kunnenshi da suna. Wanda ya mutun ne kawai ba suna. A rana ta uku na kai kan wani layi na adadin waɗanda suka rasu a wata ɗaya, na ɗora yatsa a kan lambar na daɗe ban ɗauke ba, ina tunanin ƙila yana cikin nan, ƙila kuma yana cikin na watan gaba, sai da na fita waje na sha iska sannan na iya ci gaba.

Ko inda aka rubuta suna ma wata wahalar ce. Akawun kamfani ba ruwanshi da sunan uba, garin da ka fito zai liƙa maka, sai kaga Audu Bauchi, Garba Gombe, Musa Misau, Audu Bauchi na biyu, wani kuma lamba kawai. Audu nawa ne a ƙasar Bauchi? Wannan ɗabi'a ta share talaka daga aikin hannunshi ta bi ko'ina. Kowa ya san gumakan Nok da duniya ke zuwa kallo, ɗan firamare ma ya san su. A 1928 aka fara tono ɗaya a filin kuza, littafi zai gaya maka sunan Kanar Dent Young mai kamfanin, zai gaya maka Bernard Fagg da ya yi bincike a kansu ya kuma kafa gidan tarihi na Jos a 1952, to shi leburan da ya ga abin a cikin laka ya sunkuya ya ɗauka ya wanke bai farfasa da diga ba, waye shi, ɗan wane gari ne? Haka layin dogo. Ƙaramin jirgin nan da ake kira da sunan Bauchi wanda ya tashi daga Zariya ya isa Bukuru a 1914 aka rufe shi a 1957, wanda ko garin Bauchi bai taɓa shigowa ba dan kuza aka yi shi ba dan mu ba, da kuma babban layin da ya taso daga Kuru ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri a 1964, duk da hannu aka fasa duwatsun aka cike kwaruruwan. Da yawa daga waɗanda suka yi na bayan nan ba su daɗe da rasuwa ba, wasu ma suna nan da rai a unguwannin tasha a Bauchi da Gombe suna zaune a ƙofar gida ba mai tambayarsu komai.

Na dawo daga Kaduna jikina a sanyaye. Wannan dattijon ne kafin in taho ya bani shawara, yace ɗana Bature adadi yake so, amma En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki, ita ce ta san mutane, dan ba yadda za ayi a karɓi haraji ko a ɗebi mutum ba tare da malamin dagaci ya rubuta sunan mai gida ba, ka koma gida ka nema a ƙasa. Sai na fara bin ofisoshi. Ba zan kama sunan kowane ofis ba dan ba tonon silili ya kawo ni ba, amma abin da na gani a ɗaya daga ciki sai da na yi hawaye. Bayan zirga-zirga ta sati biyu, yau mai makulli baya nan gobe oga ya tafi taro, aka buɗe min wani sito a bayan gini, rufin ya yaye ta gefe ɗaya damina nawa ta zuba a ciki Allah kaɗai ya sani, ga tsofaffin tayoyi ga karyayyun kujeru, a ƙarƙashinsu kuma littattafan haraji da na kotu masu bangon fata an jibge su kaman shara. Na ɗaga ɗaya sai ya zube a hannuna, gara ta cinye cikin ta bar bango. Masinjan da ya buɗe min yace ai Malam waɗannan ma sa'a suka yi, shekarun baya an kwashe wasu an ƙona da za ayi fenti, wasu kuma yara sun ɗiba sun kai ma masu ƙosai da masu tsire. Sunayen iyayenmu da kakanninmu kenan aka naɗe ƙosai dasu.

Ban daddara ba. Wani abokina da ya karanci shari'a ya tuna min wani abu da ban taɓa kawowa ba, yace a mazhabarmu ta Malikiyya matar da mijinta ya ɓata ba ta sake aure haka kawai, sai ta kai ƙara gaban alƙali a yanka mata wa'adi na shekara huɗu sannan tayi idda, dan haka duk macen da mijinta bai dawo daga kuza ba kuma ta sake aure to akwai yiwuwar sunan mijin na cikin littafin alƙali, da sunan ubanshi da garinsu da shaidun da suka ce ga ranar da ya tafi. Haka rabon gado. Kaga ashe irin hanyar bayan gidan da baƙaƙen Amurka suka bi muma muna da ita, har tamu ta fi tasu wani wajen, sabida alƙalanmu da malaman hakimai da larabci da ajami suke rubutu kuma sun san mutanen da suke rubutawa, ba baƙi bane. Ko zancen bauta ma haka ne, tunda Turawa sun ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne amma ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, kuma a tsakanin nan dubban mutane sun fanshi kansu ta hanyar murgu a gaban alƙali an rubuta. Na san wannan magana ce mai nauyi a wajenmu, ba kowa ke so a tono ba, kuma ni bana goyon bayan a ɗauki asalin wani a yi mishi gori dashi ko a hana ɗanshi aure, haramun ne. Amma mutumin da ya yi noma a rinji shekara da shekaru ya tara kuɗi da guminshi ya sayi kanshi, wallahi jarumi ne, bai cancanci gara ta cinye sunanshi ba.

Littafin alƙalin yankinmu na waɗannan shekarun ban same shi ba har yanzu. Inda Allah ya taimake ni wani waje ne da ban zata ba. Ana zaman makoki a ƙauyenmu nake ba wasu dattawa labarin wahalar da nake sha, sai wani tsoho da ke gefe yace ai babanshi ne malamin dagaci a wancan zamanin, kuma akwai wata adaka ta ƙarfe a ɗakinshi da ba a buɗe ba tun rasuwarshi, in ina so in zo bayan la'asar. Na je. Muka ja adakar zuwa zaure, kwaɗon ya yi tsatsa sai da aka sa guduma, a ciki akwai Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gafaka, da layu, da rasiɗan jangali, da wasu kwabbai masu huda, can ƙasa kuma wani ɗan littafi mai layi-layi an naɗe shi da fatar akuya. Ajami ne da tawadar gargajiya, wani waje ya dushe. Ni ajamina ba ƙarfi, sai muka aika aka kira limamin unguwa ya zo da tabaraunshi ya zauna bakin ƙofa inda haske yake. Shafukan farko haraji ne, gida-gida. Can tsakiya sai ga wani shafi an ja layi a sama an rubuta mutanen kuza, a ƙasa sunaye, kowa da sunan ubanshi, wasu harda laƙabi. A gaban mafi yawansu malamin ya sa ɗan ƙaramin zagaye, liman yace alamar sun komo kenan. Mutum uku ba zagaye. Liman ya bi da yatsa a hankali yana haɗa baƙi, ya karanta na farko, ya karanta na biyu, da ya zo na uku tun bai ƙarasa sunan uban ba na gane. A gaban sunan malamin ya rubuta kalma biyu da wata tawada daban wadda ta fi baƙi, alamar daga baya ya ƙara: Barikin Ladi. Sai kuma ƙasa kaɗan, bai komo ba.

Zauren yayi tsit. Tsohon nan mai adaka shi ya fara cewa Allahu akbar, yace shekara nawa yana kwana da wannan littafi a ƙarƙashin gadonshi bai san akwai amanar mutane a ciki ba. Liman ya ɗaga hannu muka yi ma su ukun addu'a a nan take, kuma washegari aka aika gidajen sauran biyun, ɗaya jikokinshi suna nan a garin, ɗayan kuma gidan ya tashi an ce sun koma wajen Kumo.

To Malam Edita wannan ne yasa na rubuto. In a ƙauye ɗaya, a adaka ɗaya, an samu wannan, to adaka nawa ce a ƙasar Bauchi da Katagum da Misau da Ningi da Jama'are da Dass, nawa ce a Gombe da Dukku da Nafada da Kaltungo da Tangale? Kuma kullum ana rasuwa, magada na share ɗaki su zuba "takardun tsoho" a bola ko su ƙona dan gudun kar a taka sunan Allah, da kyakkyawar niyya suke yi amma abin da ya tafi ya tafi. Ina roƙon masu martaba sarakunanmu, Allah ya ja zamaninsu, su yi umarni ga hakimai da dagatai a nemo zuriyar tsofaffin malaman haraji da muhutai da alƙalai a duba abin da ya rage a hannunsu. Ba sai an ƙwace musu ba, kowa ya riƙe kayanshi, hoto kawai za a ɗauka da waya shafi-shafi a rubuta daga gidan da ya fito. Wannan ba aikin biliyan bane, ɗalibai goma masu waya da malami ɗaya mai karanta ajami sun isa su gama gunduma a hutu ɗaya. Muna da sashen tarihi a jami'ar jiha da ke Gadau, muna da jami'ar jihar Gombe da ta tarayya a Kashere, ga Gidan Arewa a Kaduna da aka kafa tun 1970 dan irin wannan aiki. Maimakon kowace shekara ɗalibi ya sake rubuta tarihin kafuwar masarauta wanda an rubuta sau hamsin, a tura shi garinsu ya zauna da tsohon lebura ko matar da aka bari da goyo, ya ɗauki muryarsu. Ba ina raina tarihin sarakuna bane, Malam Yakubu da Buba Yero iyayenmu ne kuma muna alfahari dasu, amma ganuwar Bauchi ba mutum ɗaya ya ɗora ta ba, akwai waɗanda suka kwaɓa ƙasar suka ɗauko ruwa a ka.

Gidajen rediyonmu ma suna da rawar takawa, dan tsohuwa a ƙauye ba za ta karanta wannan wasiƙa ba amma rediyo na kusa da kunnenta. A buɗe fili ko na rabin awa a sati, a ce duk wanda aka ɗibi wani nashi zuwa kuza ko aikin dogo ko aikin hanya ya kira ya faɗi sunanshi da garinsu da abin da aka ji game dashi, wani ya zauna yana rubutawa. Akwai waƙoƙin da matan ke yi a bakin turmi kan waɗanda suka tafi, kakarmu na da guda ɗaya da take yi in tana daka sai kaga ta share ido da bakin zani, ni kaina baiti ɗaya kawai na riƙe kuma duk gidanmu ba wanda ya riƙe sauran. Su kuma shugabannin ƙananan hukumomi, dan girman Allah kowa ya sa a buɗe siton bayan ofishinshi ya leƙa da kanshi kafin damina ta sake zagayowa, kwano biyu da kanta ɗaya da maganin gara ba za su gagari kowace ƙaramar hukuma ba.

Na kai ma Goggo hoton shafin, na sa an wanke min shi babba a kati. Na same ta a kan tabarma tana ɓare gyaɗa, na durƙusa nace Goggo na samo Baba a takarda. Ta ajiye tiren ta goge hannu a zani, ta karɓa ta kawo shi dab da fuska duk da ba gani take sosai ba, tace nuna min inda yake. Na kama yatsanta na ɗora a kan layin. Tace karanta. Na karanta mata sunanshi da na ubanshi da Barikin Ladi. Tace sake. Na sake. Ta daɗe shiru tana shafa wajen, sannan tace ashe dai wani ya rubuta shi, Allah ya jiƙan malamin nan. Ta sa an ɗauko mata kwallarta ta saka katin a ƙasan likkafaninta da ta daɗe da tanada. Daga nan ta tambaye ni ko a Barikin Ladin akwai maƙabartar Musulmi ta tun lokacin, ko an musu sallah, nace mata zan je in gani.

In Allah ya kaimu bayan an gama kaka zan tafi, zan fara da limamai da tsofaffin unguwannin Hausawa na Barikin Ladi da Bukuru da Dorowa. Dan haka ina roƙon duk mai karanta wannan jarida a can wanda ya san inda ake binne leburorin ɗiban gwamna, ko yake da tsoho a gida da ya yi aikin heluma ko tankifa ko malamin asibitin bariki, ko ya gaji wani littafi irin wannan, ya taimaka ya aiko da saƙo ta hannun Edita, zan zo har inda yake da kuɗin motata. Haka in akwai wanda ya san zuriyar mutanen da suka tashi daga gabashin Bauchi suka koma wajen Kumo waɗanda kakansu ya tafi kuza bai dawo ba, ya gaya musu akwai hoton shafin nasu a wajena.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Mai karatunku a kullum,
daga Unguwar Jahun, Bauchi.